Mai Ɗaurin Rago Ya Zaɓi Sandar Laima

Shekara shida ba na Lanham, garin da muke zaune a Amurka. Da na dawo, ɗakina ya zama sito, kulolin Umma ne ke kwana a kan gadona. Ƙanwata Sharifa ta yi aure ta haifi tagwaye, ka ce musu "ina kwana" su ɗaga maka hannu su ce "hai". Shagon da muke sayen daddawa a Wheaton ya koma hannun wata 'yar Filato mai suna Pauline. Abokan da muka buga ƙwallo da su duk sun yi teɓa, ba su da zance sai na askin ciyawar ƙofar gida. Tsofaffi sun shiga WhatsApp, tun da sassafe ake turo addu'a da hoton fure. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, an tuɓe mai ɗaurin rago.

Wani ne, ba sai na kama suna ba.

Kowace Babbar Sallah mutanenmu kan haɗu a wata gona bayan Upper Marlboro, kowa ya zaɓi ragonsa a yanka a can. Alhaji Gafaru, dattijon nan ɗan Kumasi, shi ke shirya komai da mai gonar. Mutumin nan kuwa shi ke ɗaure ragunan. Shekara tara yana yi. Sauran ranaku a gaban kwamfuta yake wuni, ko mai gadin ofishinsu bai san fuskarsa ba. Ranar Sallah kuwa sarki ne. Ya naɗe hannun riga, ya rataya wata rawayar igiya a wuya, manyan likitoci da injiniyoyi su bi shi suna "Malam, nawa fa? Malam, a taimaka." Kai da ƙafa kuwa duk a motarsa suke kwana.

To, bara ya ɗaure ragon Alhaji Gafaru da kansa, ya juya yana yi wa wani farfesa bayanin ƙulli. Ragon ya girgiza wuya sau biyu, igiya ta faɗi. Ya tsallake shinge ya hau titi. Motoci suka yi cirko-cirko. Sai da 'yan sanda suka zo da mota uku, har yau ba a san inda ragon ya yi Sallah ba. Alhaji bai yi layya ba sai washegari, da wani ramammen abu da kowa ya ƙi. Tun daga ranar, duk abin da mutumin ya rubuta a zauren WhatsApp, ko ta'aziyya ce, sai wani ya bi shi da hoton rago. Alhaji kuma ya sanar cewa bana ma'aikatan gonar ne za su yi ɗauri.

Ni kuwa shekarun da ba na nan a bakin teku na yi su, Maroko da Brazil, ina koya wa baƙi wasan da ake ce wa kait. Ƙatuwar laima ce da iska ke ɗagawa sama, ta ja mutum a kan allo bisa ruwa. Tsakaninka da ita sai igiyoyi da sanda guda da kake riƙewa, an maƙala ta a ɗamarar da ke ƙugunka. A wannan sandar ranka yake.

Ashe mutumin nan ya ga bidiyona a wayar mijin Sharifa. Wata Asabar ina gareji ina warware kaya, sai ga shi.

"Fatihu, wannan abin naka, ya fi rago ƙarfi?"

"Yaya, in iska ta ga dama, ƙaramar mota ma tana ja."

"Alhamdulillahi!" Ya tafa hannu. "Na riga na sayi laimar a intanet. Mita goma sha huɗu, wadda ta fi kowace girma. Sai dai ba ta zo da sanda ba. An ce kana da su."

"Me za ka yi da ita?"

"Fikinik ɗin ƙungiyar mutanenmu fa, cin abincin nan na waje? Sati uku kafin Sallah, a bakin ruwan Chesapeake. A gaban Alhaji zan riƙe ta. Mutumin da ya riƙe iska, wa zai ce ba zai riƙe rago ba?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Na shimfiɗa masa sandunan a ƙasa, ina fatan in ya ga yawan igiyoyin zai tsorata ya tafi. Ya tsuguna yana shafa su kamar mai taya sa a kara.

"Wannan mai igiya huɗu ce," na ce. "Biyu na tsakiya su ke ɗaukar nauyi, biyu na gefe su ke juya laima dama da hagu. Waccan kuwa mai biyar ce."

"Ta biyar ɗin ta mece ce?"

"Ta tsira ce. In abu ya ɓaci ka saki komai, laimar ta rataya a kanta ita kaɗai, ta faɗo ba ƙarfi. Aibinta ɗaya, wani lokaci in laima ta kife a ruwa takan naɗe ta. Mai huɗun ma tana da nata tsaron, amma ni da zan zaɓa maka…"

"Wato an yi ta ne don wanda tun daga gida ya ƙudurta zai saki."

"Ba haka ba ne, Yaya."

"Rago ƙafa nawa gare shi?"

"Huɗu."

"To." Ya ture mai biyar da ƙafa.

Muka zo kan tsawon sanda. Ya ɗaga gajeriyar da yatsa biyu.

"Wannan ai muciyar Mairo ta fi ta. In fita da wannan a gaban jama'a a ce tuwo na zo tuƙawa?"

Mairo matarsa ce. Ya ɗauki doguwar. A nan dai ya yi daidai bisa kuskure, don babbar laima doguwar sanda take so. Ban gaya masa ba, kada kansa ya ƙara kumbura.

"Saura igiyoyi," na ce. "Akwai mita ashirin, akwai ashirin da bakwai. Dogaye sun fi ba laima filin tara ƙarfi. Mai koyo gajeru yake ɗauka."

"Wa ya ce maka ni mai koyo ne? Tun kana rarrafe nake riƙe igiya."

Ya ɗauki ashirin da bakwai. Sai idonsa ya faɗa kan wasu guntaye a rataye a ƙusa, masu mita uku-uku da ake ƙara tsawo da su. Ya zare su ya cusa a aljihu.

"Waɗannan gyara ne. Ba a ciniki da ɗan Kano a tashi babu gyara."

Yana cikin juya sandar sai hannunsa ya taɓa jan maɓallin da ke ƙasanta, wurin da ake maƙalawa a ɗamara. Ya tura shi. Ƙaras! Madaukin ya buɗe. Mutumin ya daskare. Fuskarsa ta koma irin wadda na gani a bidiyon gudun ragon bara.

"Wannan a lalace take."

"Lafiyarta ƙalau. Haka aka yi ta."

"Da gangan?"

"Da gangan. In laima ta fi ƙarfinka, ka tura shi ka rabu da ita."

"Bature ya zauna ya ƙera abin da ke kwancewa da yatsa biyu, kai kuma ka sa kuɗinka ka saya? Shekara shidan nan abin da ka koyo ke nan?"

"Yaya, ka riƙe abu biyu. In ta ja ka, tura sanda gaba, ƙarfinta zai ragu. In ka janyo sanda jikinka, ƙara mata ƙarfi kake yi. In turawar ba ta yi ba, sai ka tura jan maɓallin nan."

"In rago ya ja ka, sai ka miƙa masa igiya?"

"Ba rago ba ce."

"Duk abin da ke ja rago ne."

Na ce ba zan ba shi ba sai ya rantse zai zo in koya masa kwana biyar kafin ya taɓa babbar laimar. Ya rantse. Ya zo sau ɗaya, muka je filin ƙwallo da wata 'yar ƙaramar laimar koyo. Minti ashirin ya yi, ta kayar da shi sau biyu, ya kakkaɓe wando ya ce ya gane kanta. Daga nan in na kira ba ya ɗauka. Na ɗauka ya haƙura.

Ranar fikinik iska ta tashi da ƙarfinta. Farantan takarda sai tashi suke kamar tantabaru. Mata na danne tabarma da kuloli. Umma ta aike ni sayo ƙanƙara, na yi kamar rabin awa.

Ina dawowa na hango jama'a sun yi da'ira. A tsakiya ga laima shuɗiya ƙatuwa, an hura ta tam. Anti Mairo na riƙe da gefenta, mayafinta na kaɗawa. Can nesa, a ƙarshen igiya mita talatin, ga gogan naku. Farar shaddar Sallah ce a jikinsa, ya ɗaura ɗamara a kai, ga hula ya karya gaba. Allo ma bai kawo ba. Ya ce shi ba yawo ya zo ba, riƙo ya zo.

Na yar da ƙanƙarar na ruga. Kafin in isa na ga abin da ya aikata. Jan maɓallin ba a ganinsa. An naɗe shi da rawayar igiyar nan, ita dai ta bara, an haɗa shi da ɗamara an yi ƙulli a kan ƙulli har bakwai.

"Alhaji!" yake kira. "Zo ka taɓa da hannunka, kada a ce an ce."

Alhaji Gafaru ya taso da cinyar kaza a hannu. Ya sa ɗaya hannun ya ja ƙullin, ya sake ja.

"Ei! Wannan kam ya ɗauru."

"Anti Mairo, kada ki saki!" Na kwarara ihu.

"Mairo, saki!"

"Baban Nasir, yaron nan ya ce kada in saki."

"Wa ya aure ki, ni ko shi?"

Ta dube shi. Ta dube ni. Ta taɓe baki.

"To, ga ta nan."

Laima ta yi sama kamar an harba ta. Ya turje da dugadugai a yashi, ya tsaya. Wallahi ya tsaya, kamar numfashi biyu. Ya waiwayo yana murmushi.

"Kun gani?"

Sai iska ta ƙara. Laima ta fizga. Shi kuma ya yi abin da ya saba yi shekara tara, ya janyo sanda har ƙirji.

Takalmansa ne kawai suka tsaya a wurin, a jere, kamar a ƙofar masallaci.

Ya yi sama kamar tsawon mutum biyu, ya sauko a kan tabarmar mata. Salati ya tashi. Ya bi ta cikin kular zoɓo, farar shadda ta koma ja. Ya kwashi ragar ƙwallon da matasa suka kafa, ya tafi da ita. Ina bin sa da gudu ina ihu.

"Tura! Tura sandar gaba!"

"Ban saki ba! Wallahi ban saki ba!"

"Ka saki nake cewa!"

"Allah ya kiyaye!"

Da iskar ta ɗan lafa sai ya samu ya durƙusa, baki cike da yashi. Ya waiga yana neman Alhaji.

"Alhaji, kana gani dai ko?"

"Ina gani, ɗana," in ji Alhaji, ya ja kujerarsa baya.

Saura taku biyar in cafko shi, ya ga ina miƙa hannu wajen ɗamara. Ya zaci kwance masa zan yi. Ya kauce, ya danne hannun dama a kan sanda. Laima ta karkata, ta yi ƙasa da gudu, ta nufi ruwa. Shi ma ya nufi ruwa. Ya dinga tsalle a kansa kamar dutsen da ake jefawa a tafki, tas, tas, tas, kowane tsalle da abin da yake bari. Hula ta fara tafiya. Raga ta bi. Wani farin abu ya taso daga baya, aka yi ta gardama ko aljihu ne ko ƙafar wando.

Wani likita ya kira masu ceto. Anti Mairo kuwa ta karɓi madubin kallon tsuntsaye daga hannun wata Baturiya da ke kusa, ta kafa a ido.

"Me yake yi, Anti?"

"Cizon ƙullin yake yi."

"Yana kwancewa?"

"Ina fa. Ya ce mini sai da ya gwada shi a jikin motarsa kwana uku. Kuma igiyar nan in ta sha ruwa ƙara ƙanƙancewa take."

Allah ya sa laimar ta kife can kusa da wani tsohon Bature mai kamun ƙaguwa. Tsohon ya matso da jirginsa, ya sa wuƙa ya datse igiyoyin huɗu, ya janyo gogan naku da ƙugiya kamar buhun da ya faɗa rijiya. Ya yi ƙoƙarin kwance ƙullin, ya kasa. Haka ya kawo mana shi, sanda na reto a gabansa, ƙafar wando ɗaya babu, wata ƙaguwa ta maƙale a gefen shadda ta ƙi sauka. Tsohon ya ce shekara arba'in yana ruwa, bai taɓa ganin ƙulli irin wannan ba, kuma bai taɓa ganin wanda ya yi shi a wurin da bai kamata ba kamar wannan.

Mutumin rabin farko kawai ya ji.

Likitoci huɗu suka taso za su duba shi, ya ture su. Yana ɗingishi, yana tari, ruwa na zuba daga hanci, ya wuce kai tsaye gaban Alhaji Gafaru. Ya ɗaga ƙullin da hannu biyu.

"Alhaji, duba. Ko motsi bai yi ba. Ga Bature ma ya shaida. To, maganar Sallah fa?"

Alhaji ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana kallonsa tun daga kai har ƙafar da ba wando.

"Ɗana, bara rago ya gudu ya bar ka. Asarar rago ɗaya na yi, na haƙura. Bana in na ba ka, rago zai gudu da kai. Ina zan kai Mairo da yara?"

Sai da aka aro wuƙar mai gashin nama, mutum uku suka danne shi, sannan aka raba shi da sandar. Yana ta roƙo a yanka ɗamara a bar ƙullin.

A zauren WhatsApp kuwa an daina turo hoton rago. Hoton takalma ake turowa.

Ni dai zaman gida ya fara isata. Ƙafata ta fara ƙaiƙayi, abokan aikina na Maroko kuma sun rubuto cewa baƙi sun fara zuwa. Saura kwana tara Sallah na sayi tikiti. Ina gareji ina naɗe igiyoyi ina cusawa a jaka, Umma na daga kicin tana faɗan wane irin ɗa ne ba zai tsaya ya ci naman layya ba, sai na ji mota ta tsaya. Anti Mairo ce ke tuƙi. Gogan naku ya fito da ƙyar, hannu ɗaya a rataye a wuya, goshi da filasta, yana tafiya kamar mai taka ƙaya.

"Fatihu, na zauna na yi nazari. Kai ka cuce ni."

"Ni kuma, Yaya?"

"Kana gani na ɗauki mai huɗu, ka yi shiru. Mai biyar ɗin nan ita ce daidai. Ba ka sa ta a jaka ba ko?"

Har ga Allah na ji daɗi. Na ce a raina ruwan Chesapeake ya yi abin da na kasa.

"Alhamdulillahi. Yanzu ka gane amfanin ta biyar ɗin."

"Na gane sarai. Asabar mai zuwa zan roƙi Alhaji ya sake zuwa, kafin ya gama magana da masu gona. Huɗu a jikina, da ƙulli irin na rannan. Ta biyar kuma in ɗaure ta a jikin bishiyar nan ta bakin ruwa. In ga ta inda za ta tafi da ni."

Na tsaya da igiya a hannu. Na dubi Anti Mairo. Ko fitowa daga mota ba ta yi ba, gilashi kawai ta sauke.

"Ba shi, Fatihu. Ka haɗa masa da makullin ɗakinka na Maroko, don shi da bishiyar za su riga ka isa."